Tsargiya tana komowa bayan an sha magani: me binciken ƙwayoyin gadon tsutsar ya gano?

Maman Khalifa ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye na yankin noman rani da ke kudancin Kano, inda ruwan madatsar Tiga yake bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama, kuma ina cikin waɗanda ake turawa makarantun firamare da na allo domin rabon maganin tsargiya. Mukan tsayar da yaro a jikin sandar awo, mu ba shi adadin ƙwayoyin praziquantel da tsawonsa ya nuna, bayan mun tabbatar ya ci abinci. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayan 'yan watanni sai iyaye su dawo mana da yaran da muka ba magani da hannunmu, suna cewa jinin da ke biyo ƙarshen fitsari ya dawo, har wasu sun fara cewa maganin ya daina aiki, ba za su sake barin 'ya'yansu su sha ba.

Tambayoyina biyu ne. Shin masu binciken ƙwayoyin gado sun gano cewa tsutsar tsargiya ta fara bijire wa wannan magani, kamar yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta yi wa kulorakwin? Na biyu kuma, na ji ana cewa tsutsar da ke kama shanu tana barbara da wadda ke kama mutane, su haifar da wani sabon iri. Idan haka ne, ko shanun da ke shan ruwa a inda yaranmu suke wanka su ne suke dawo mana da cutar? Ina neman amsar da zan iya tsayawa a kanta a gaban iyaye.

Baban Zainab ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki. Ina koyar da ilimin ƙwayoyin cuta masu rayuwa a jikin wasu halittu, kuma zan ɗauki tambayarki ta farko, amma kafin a kai ga ƙwayoyin gado sai an fara duba rayuwar tsutsar kanta, domin mafi yawan amsar a can take.

Tsutsar tsargiyar mafitsara, wadda masana ke kira Schistosoma haematobium, ba ta hayayyafa a jikin mutum ta ƙaru. Duk tsutsar da ke kwance a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsarar yaro, da kanta ta huda fatarsa ta shiga a lokacin da yake cikin ruwa, bayan ta fito daga dodon koɗin nan na jinsin Bulinus. Praziquantel yana kashe manyan tsutsotsi sosai, amma ƙarfinsa kaɗan ne a kan waɗanda suke da kimanin wata ɗaya a jiki, kuma ba ya zama a jini ya kare yaro daga shigar wasu gobe. Daga shigar tsutsar zuwa fara zuba ƙwai, waɗanda su ne suke jawo jinin fitsarin, kuwa ana ɗaukar kimanin mako 10 zuwa 12. To idan kika lissafa, yaron da ya sha magani yau ya koma magudanar ruwa jibi, ko kuma yana ɗauke da ƙananan tsutsotsi a ranar da ya sha, daidai lokacin da iyayensa suke dawo miki da shi ne jinin zai bayyana, ko da maganin ya yi aikinsa cif.

Wannan bai kore yiwuwar bijirewa ba, kuma a nan ne binciken ƙwayoyin gado ya yi amfani. Kamfanonin Bayer da Merck na Jamus ne suka samar da praziquantel a shekarun 1970, aka yi kusan shekara 40 ana ba miliyoyin mutane shi ba tare da an san takamaiman abin da yake kamawa a jikin tsutsar ba. An dai ga cewa da zarar ya taɓa ta sai sinadarin kalsiyam ya kwarara cikin naman jikinta, ta sandare, fatarta ta tsage, garkuwar jikin mutum ta ƙarasa ta. Hanya ta fara buɗewa a 2009, lokacin da aka wallafa cikakken kundin gado, wato jerin dukkan bayanan halittar da ake gada, na Schistosoma mansoni, mai haddasa tsargiyar hanji, wanda yake da harufan DNA kimanin miliyan 360 da ƙwayoyin gado fiye da 11,000, tare da na Schistosoma japonicum ta gabashin Asiya. Namu na mafitsara sai a 2012 ya fito, daga wani aiki da masana na Jami'ar Melbourne ta Ostireliya suka jagoranta.

A 2019 ne ɗakin binciken Jonathan Marchant da ke jihar Wisconsin ta Amurka ya nuna cewa maganin yana kama wani furotin da ke jikin fatar ƙwayoyin halittar tsutsar, wanda aka sa wa suna TRPMPZQ. Aikinsa kamar na ƙofar gida ne: a rufe take, maganin ya zo ya banƙare ta, kalsiyam ya shiga babu mai tsayar da shi. A ƙarshen 2021 wata tawaga ta cibiyar binciken lafiya ta Texas Biomed, ƙarƙashin Tim Anderson, ta biyo ta wata hanya daban ta iso wuri ɗaya. Sun ɗauki tsutsotsin mansoni 'yan asalin Brazil da ake kiwo a ɗakin gwaje-gwaje, suka ware masu mutuwa da magani da masu tsira, suka kwatanta kundin gadonsu kaf, sai bambancin ya taru a wuri guda a kan kuromosom na 3, ɗaya daga cikin ƙunshin da DNA ɗin tsutsar yake jere a ciki, daidai inda ƙwayar gadon wannan ƙofa take. Da suka ci gaba da zaɓe, sun samu zuriya biyu da bambancin juriyarsu ga maganin ya haura ninki 300. Wannan ya tabbatar da cewa tsutsar tana iya bijirewa. Sai dai sun kuma gano cewa halin ba ya bayyana sai tsutsa ta gaji sauyin daga uwa da uba duka, abin da yake rage saurin yaɗuwarsa.

Wannan gano ya warware wata tsohuwar matsala ma. An daɗe da sanin cewa praziquantel yana kashe tsila da yawancin shimfiɗaɗɗun tsutsotsi, amma ba ya taɓa Fasciola, tsutsar hantar nan da mahauta suka sani a shanu da tumaki, wadda take kama mutane ma, shi ya sa ake yi mata triclabendazole. Ashe tana da ƙofar, amma tubali ɗaya tak na furotin ɗin ya bambanta a daidai gurbin da maganin yake zama. Wannan ya nuna ƙanƙantar sauyin da zai iya raba mu da maganin da ba mu da madadinsa.

A fagen jama'a kuwa, an taɓa samun ƙarancin warkewa a Richard Toll da ke arewacin Senegal a shekarun 1990, amma masana da yawa sun danganta shi da tsananin yawan tsutsotsi a jikin mutanen da saurin sake kamuwa. A Uganda wani bincike na 2016 ya ga raguwar tasirin maganin a makarantun da aka fi yawan maimaita rabo, amma da aka karanta cikakken kundin gadon tsutsotsin ƙasar a wani aiki na 2021, ba a ga wata bayyananniyar alamar cewa iri mai bijirewa ya mamaye ba. Don haka abin da zan ce ki gaya wa iyaye shi ne, hujjar da ke hannu tana nuna sake kamuwa ne, ba mutuwar magani ba. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne labarin oxamniquine, maganin da Brazil ta daɗe tana amfani da shi. A 2013 an gano cewa sai wani sinadari na jikin tsutsar ya sarrafa shi kafin ya zama guba, tsutsar da ƙwayar gadon wannan sinadari ta lalace kuwa sai ta tsira, daga baya kuma aka tarar da irin waɗannan sauye-sauye a tsutsotsin Afirka da Oman, inda ba a yi amfani da maganin sosai ba. Ma'ana, sauyin yana iya kasancewa a ɓoye tun kafin magani ya zo, yawan rabon ne kawai zai fito da shi fili.

Abban Sumayya ya rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan magani. Ni likitan dabbobi ne a jihar Maraɗi, zan taɓa tambaya ta biyu, domin a ganina ba a ba ta muhimmancin da ya kamata.

Duk wanda ya yi aikin duba nama a mayanka ya san yadda ake ganin wannan tsutsa. Idan aka ɗaga siririn kitsen da ke riƙe da hanjin saniya aka tara shi ga haske, akan hango su a cikin jijiyoyin jini, farare, tsawonsu bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba, namijin ya naɗe macen a cikin wani kwari da ke tsawon cikinsa. Wannan ita ce Schistosoma bovis, akwai kuma Schistosoma curassoni wadda ta fi yawa a tumaki da awaki a yankinmu na Sahel. Dangin haematobium ne na kusa, kuma dodon koɗin Bulinus ɗin nan dai shi ne masaukinsu, a tafki ɗaya da yara suke iyo.

Maganar barbara ba jita-jita ba ce, Hajiya. A 2009 masu bincike sun tabbatar ta hanyar DNA cewa yara a kwarin kogin Senegal suna fitar da ƙwai masu ɗauke da alamun haematobium da bovis a haɗe, kuma yankin ne da tsargiya ta ɓarke bayan kammala madatsar Diama a 1986. A lokacin zafin Turai na 2013 masu wanka a kogin Cavu na tsibirin Kosika, ƙasar Faransa, sun kamu da tsargiyar mafitsara, mutum fiye da 100 aka gano daga baya, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna akwai gaurayen irin a ciki, asalinsa kuma daga Senegal. A nan Nijar an wallafa a 2016 cewa an samu gaurayen bovis da curassoni, wato tsutsotsin dabbobi zalla, a jikin ɗan Adam. A Benin kuma wani bincike na 2020 ya ba da rahoton samun gaurayen haematobium da bovis a shanu.

Idan dabba tana iya riƙe cutar, to rabon magani a makarantu kaɗai ba zai ƙare ta ba. Ƙasar Sin ta ga haka da japonicum, wadda take kama dabbobi masu shayarwa fiye da iri 40, har sai da aka riƙa raba ɓaunayen noma da bakin ruwa ana maye gurbinsu da injinan huɗa. Abin da nake tsoro a wajenmu shi ne, makiyayi zai sayi praziquantel a kasuwa ya ba saniya mai nauyin kilo 300 abin da bai kai rabin ƙa'ida ba, kuma babu hanyar da ta fi wannan saurin tace tsutsotsi masu juriya.

Baban Zainab ya sake rubutawa:

Likita, na yarda da kai ɗari bisa ɗari a kan haɗarin ba dabbobi magani ba bisa ƙa'ida ba. Inda nake so mu yi taka-tsantsan shi ne fassarar kalmomin da ke cikin waɗannan rahotanni, domin yadda aka auna abu yana shafar abin da aka gani.

Yawancin binciken farko alamomi biyu kawai suke dubawa a cikin kundin da ke da harufa kusan miliyan 400. Ɗaya ita ce cox1, wadda ake gada ta wajen uwa kaɗai, ɗayar kuma ITS, wadda ake gada daga iyaye biyu. Idan ta farko ta nuna bovis ta biyu ta nuna haematobium, sai a rubuta cewa an samu gauraye. Matsalar ita ce, alamar da ake gada ta wajen uwa tana iya sauka daga kaka zuwa jika har zuriya ɗari ba ta canza ba, don haka ba ta faɗa mana ko barbarar bara ta faru ko tun zamanin kakannin kakanni.

A 2019 Roy Platt da abokan aikinsa sun karanta dubban ƙwayoyin gado a 'ya'yan tsutsar da aka tattara daga mutane a Nijar da Zanzibar. Ba su ga ɗa na farko na barbarar jinsin biyu ba. Abin da suka gani shi ne, tsutsotsin Nijar haematobium ne, amma kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na kundinsu daga bovis ya zo, a gutsattsare, wanda ya nuna cewa haɗuwar ta faru ne zuriya fiye da ɗari da suka wuce, ta yiwu ma ɗaruruwa. Na Zanzibar ba su da wannan gado. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wata ƙwayar gadon bovis mai suna invadolysin ta kusa game dukkan tsutsotsin Nijar, alamar cewa ta ba su wata fa'ida har masu ɗauke da ita suka fi sauran tsira da yaɗuwa, kuma dangin wannan furotin suna da hannu a shigar tsutsa jikin masaukinta da mu'amalarta da garkuwar jiki. Haka nan babban binciken da aka wallafa a 2020 a kan arewacin Senegal ya samu gaurayen haematobium da bovis da yawa a mutane, amma bai same shi a shanu da tumaki da awakin da aka duba ba, su nasu bovis ne da curassoni da gaurayensu. A Kosika ma an duba dabbobin kiwon yankin ba a samu cutar a jikinsu ba.

Ban ce an rufe babin ba, rahoton Benin yana nan, kuma an samu gaurayen a ɓerayen daji a Senegal. Amma idan Malama za ta tsaya gaban iyaye, nauyin hujja ya fi karkata ga cewa fitsarin mutum ne yake mayar da ƙwai cikin magudanar, ba kashin shanu ba. Ina jaddada wannan ne domin a ƙauyukanmu ɗora wa makiyaya alhakin ciwon yara ba ƙaramar magana ba ce, kuma bai kamata a faɗe ta ba sai da hujja mai ƙarfi.

Ummu Abdallah ta rubuta:

'Yar'uwa, ni likita ce a sashen mata, kuma zan ƙara abu biyu. Akwai hanyar da za ku gane ko maganin yana aiki a ƙauyenku ba sai an jira na'urar karanta DNA ba. A tace mililita 10 na fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a ƙirga ƙwai kafin a ba da magani, sannan a sake ƙirgawa bayan kwana 14 zuwa 21, kafin sababbin tsutsotsi su isa zuba ƙwai. Idan adadin ya ragu da kashi 90 cikin ɗari ko fiye a tsakanin yaran, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar maganin a matsayin mai aiki yadda ya kamata.

Na biyu, rabon makaranta yana barin mutane da yawa a baya: manoma, masunta, mata masu wanki a bakin ruwa, da ƙananan yaran da ake yi wa wanka da ruwan magudana. Tun 2022 hukumar ta ba da shawarar a riƙa haɗawa da kowa daga shekara 2 zuwa sama a inda cutar ta kai kashi 10 cikin ɗari, kuma a Disambar 2023 hukumar magunguna ta Turai ta amince da ingancin arpraziquantel, wanda aka yi domin yara 'yan wata 3 zuwa shekara 6, yana narkewa a ruwa kuma ɗacinsa bai kai na wanda kuke rabawa ba. Matan kuwa su ne suka fi ba ni tausayi. Ƙwan yana maƙalewa a bakin mahaifa da al'aura, ya jawo zubar jini da kaikayi da ciwo, a yi ta yi musu maganin ciwon sanyi, wani lokaci har da zargi a gidan aure, alhali fitsarinsu ba lallai ya nuna ƙwai ba. A nan gwajin DNA yake da babban amfani, domin yana iya gano alamar tsutsar a ɗan abin da aka shafo daga wurin. Kada kuma a manta cewa haematobium tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar mafitsara, don haka babban mutumin da jini ya ƙi tsayawa bayan magani, a tura shi asibiti a duba shi sosai.

Maman Khalifa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan kai shawarar ƙirgar ƙwai ga shugabanninmu na ƙaramar hukuma. Malam, na lura duk wuraren da ka ambata, Brazil ne da Uganda da Senegal da Nijar. Ta yaya ake samun tsutsar da za a karanta gadonta alhali tana cikin jijiyar mutum, kuma ko ƙaramin asibiti irin namu zai iya ba da gudummawa?

Baban Zainab ya amsa:

Zai iya, Malama, domin ba a taɓa manyan tsutsotsin, 'ya'yansu ake kamawa. Bayan an tace fitsari, sai a zuba ƙwan a ɗan faranti mai ruwa mai tsabta a ajiye a ƙarƙashin haske, cikin ɗan lokaci sai su ƙyanƙyashe, a ga 'ya'yan suna yawo da sauri a ƙarƙashin madubin gwaji. Ana tsotso kowanne shi kaɗai a cikin ɗigon ruwa, a ɗiga shi a kan wani kati mai sinadari da ake kira FTA, wanda yake fasa shi ya riƙe DNA ɗinsa. Idan katin ya bushe, ana iya ajiye shi shekaru ba tare da firji ba, kuma daga ɗigo ɗaya a yau ana iya karanta kundin gado gaba ɗaya. Gidan adana tarihin halittu na Landan yana da babban rumbun irin waɗannan samfurori mai suna SCAN, wanda masu bincike da yawa suke ɗiba daga cikinsa.

Buƙatar tana da girma, domin yawancin aikin da aka yi a kan TRPMPZQ a kan mansoni aka yi shi, saboda ta fi sauƙin kiwo a ɓeraye, ita kuwa haematobium tana da wahalar riƙewa a ɗakin gwaje-gwaje, ga shi Najeriya ce ake lissafawa a kan gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Hanyar da ta dace ita ce ku nemi sashen nazarin ƙwayoyin cuta na jami'a mafi kusa ta hannun shirin yaƙi da cututtukan da aka yi sakaci da su na jiharku, a samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar iyaye a rubuce. Samfuran da suka fi daraja su ne na yaran da har yanzu suke fitar da ƙwai masu rai mako uku bayan sun sha magani, tare da bayanin nauyin kowane yaro, adadin ƙwayoyin da ya sha, ko ya yi amai bayan sha, da kuma wurin da yake shiga ruwa.